Kujera Ɗaya a Jirgin Gwaji

Ku matso ku ji wannan. Ni dai a aji uku na yi sallama da makaranta, amma jirgin sama na san shi ciki da bai.

A Kaduna akwai wata ma'aikata ta Injiniya Barau da nake aiki a ciki, inda ake wanke kawunan feshin man jirgi, wasu 'yan ƙarafa masu huda da ba ta kai kafar allura ba. Shekara ashirin da wani sinadari suke wankewa, mai bushewa nan take. Ashe tururinsa hawa yake yana cinye lemar ozon, wadda ke tare mana dafin rana. Sai hukuma ta hana shi, ta aiko jami'arta Hajiya Kulu.

"Injiniya, ranar Alhamis zan dawo," in ji ta. "In babu wata hanyar wanki, da kwaɗona zan zo."

Mutum arba'in ke ci a wurin. Barau ya tara su ya ce duk wanda ya fitar da su, shi zai zauna kusa da matuƙi ranar da za a gwada ƙarafan a jirgi. Kujerar kuwa ɗaya ce tak.

Tanimu, tsohon mai wankin hula, shi ya fara. Ya ce abin da ke da ado ba a dirje shi, jiƙa shi ake yi. Ya jawo daga sito wani inji mai girgiza ruwa da sauti, wanda kowa ya raina, ni har ƙwai na taɓa jefawa ciki don in ga ko zai dahu. Ya auna ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, ya kunna. Baƙin maiƙo ya dinga fitowa daga hudojin kamar hayaƙi. Sai dai da ƙarafan suka sha iska, farin tabo ya rufe su.

Ladidi ta taɓa aiki a gidan fiya wata, masu ruwan leda. Ta ɗiga ruwan burtsatsen da Tanimu ke wanki da shi a harshe, ta tofar.

"Tanimu, wannan ai ruwan kanwa ne! Tuwo za ka tuƙa ko jirgi za ka tashi?"

Ta haɗa matatai uku a jere, ta tace ruwan burtsatsen har ma'auni ya nuna babu gishiri ko ƙwaya. Aka ɗauraye da shi, tabo ya ɓace. Aka fara tafi.

Gambo bai tafa ba. Shi gidan burodi ya baro, ya kuma san burodi kan yi ja a waje cikinsa ɗanye. Ya ɗumama ƙarfe ɗaya, ya kanga masa madubi mai sanyi, sai ga raɓa. Da an ɗaura su haka, tsatsa za ta toshe hudojin a sararin sama. Ya busa su da tatacciyar iska, ya jera a tanda da wuta ƙasa-ƙasa, ya tsaya a kai har madubi ya daina gumi.

Ranar Alhamis Hajiya Kulu ta sa ƙarafan ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta duba, ta sake dubawa.

"Wallahi sun fi na da haske. Da me kuka wanke?"

"Da ruwa, ranki ya daɗe," in ji Barau, yana gyara hula kamar shi ya yi aikin.

Ta mayar da kwaɗonta jaka. Guɗa ta tashi har masu gadi suka shigo a guje.

Ga jirgi nan a fili an zuba mai, matuƙi na jira. Ba don Tanimu ba maiƙo na nan. Ba don Ladidi ba tabo ya kayar da su. Ba don Gambo ba kuwa, da tsatsa ta ci amanar kowa.

To jama'a, wa zai hau kujerar nan a cikinsu?