Ludayin Goggo Zalika

Akwai wata mai nono a Tajaye, ana ce mata Goggo Zalika. Tun tana budurwa al'adarta ɗaya: kafin ta sayar, sai ta ɗiba da ludayi ta kurɓa a gaban mai saye.

Wani kamfanin nonon leda a Ƙonni yana sayen rabin madararta. Kwatsam yara suka yi ta amai da gudawa bayan shan nonon ledar. Mai kamfanin, Alhaji Labo, ya shiga rediyo ya ce matan ruga ne ke kawo madara mai ƙazanta.

Wai Goggo ce ƙazama! A kasuwa mutane suka riƙa kauce wa ƙwaryarta. Abin ya ƙona mata rai matuƙa.

Sai ga Bushira, mai shirya fim kan yadda kamfanoni ke sarrafa abinci. Ta riga ta ɗauko hoton buhunan madarar gari da suka lalace, waɗanda kamfanin ke damawa a ɓoye.

"Goggo, ki yi magana," in ji ta. "Zan rufe fuskarki, kada kamfanin ya daina sayen madararki."

"Rufe mi? Sata na yi? A fili aka ɓata mini suna, a fili zan wanke abina."

Ta ɗauki ƙwarya sai ƙofar kamfanin, Bushira na biye da kyamara. Alhaji ya fito yana murmushin raini.

Goggo ta ɗibi nata ta shanye. Ta yage ledar nonon kamfanin guda da haƙori, ta juye a ludayin, ta miƙa masa.

"Na sha nawa. Ga naka, Alhaji. Bismilla."

Ya dubi ludayin, ya dubi kyamara. "Azumi nake."

Jama'a, da goro jajir a bakinsa!

Goggo ba ta sauke hannu ba. "To, ina jira har magariba."

Alhaji ya juya ya shige, aka ja ƙofa.

Fim ɗin ya bi wayoyi daga Tsarnawa har Malbaza. Iyaye suka daina sayen ledar. Alhaji ya yanke ciniki da Goggo, ita ko a jikinta. Yanzu kafin azahar ƙwaryarta ta ƙare.

Darasi: Wanda ba zai sha abin da yake sayarwa ba, kada ka bari ya shayar da ɗanka. In an yi maka ƙazafi, tsaya da fuskarka a buɗe. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman iyaye.