Zabuwa Mai Share Rubutu

An yi wata Zabuwa da ta rasa miji, ta rasa yatsu biyu na ƙafar dama, ta kuma kusa rasa makarantar da mijin ya bar mata. Abu ɗaya ta samu a madadinsu: ta iya koyarwa. Ga yadda aka yi.

Makarantar a gindin tsamiya take, rairayi ne allonsu. Zabuwa tana da rubutu mai kyau, kuma ta san da haka. Dokarta ita ce kowa ya rubuta da farcen ƙafar dama, kamar yadda marigayi ya koya mata. Wanda layinsa ya karkace, sai ta share da fiffike tun kafin ta karanta.

Cikin ɗalibanta akwai Ƙadangare, mai taurin kai. Ƙafarsa rawa take in ya ja layi, sai ya koma yi da wutsiya.

"Kai ɗan nan, wa ya ce maka da wutsiya ake rubutu?"

"Inna Malama, ki karanta tukuna."

"Ba na karanta ƙazanta!" Ta share. "Tashi ka ba ni wuri."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Sauran ma da sharar ta ishe su, suka bi shi bayan rumbu suna koya wa juna.

Da kaka, Zabuwa ta je kala gonar gero, tarko ya kama ta. Ta fizge, ta baro yatsu biyu. Da ta warke ta ja layi, sai ya fito kamar sawun tsutsa. Ta share, ta sake, ta share. Ba ɗalibi, ba rubutu.

Maƙwabciyarta Bushiya ta ce, "Yaya, ko ki je wurin yaron nan, ko tsamiyar mijinki ta zama makwancin awaki."

Ta je wurin Ƙadangare tana ɗingishi, kai a sama.

"Ka koya mini rubutu ba da ƙafa ba. Zan cika maka ƙoƙo da gara."

"Albarka."

"Har da rabin inuwar tsamiya."

"Albarka, Inna. Ga farashina: ki zauna cikin ɗalibai ki koyi rubutu da bakinki. Kuma duk rubutun da aka kawo miki, ki karanta har ƙarshe kafin fiffikenki ya taɓa shi."

"Cikin yara? Da girmana? Rage mini."

"Zaman na rage, ki riƙa zuwa kafin kowa. Karatun kuwa ba ragi."

Ba ta ce na saya ba. Ta sunkuya ta gwada da baki, rairayi na shiga hancinta. Sunan mijinta ta rubuta, ya fito a karkace. Ta ɗaga fiffike.

"Dakata," in ji Ƙadangare. Ya bi layin a hankali har ƙarshe. "Ya karantu, Inna. Harafin ƙarshe kaɗai za ki miƙe."

 Duk shekarun Zabuwa a gindin tsamiya ba ta taɓa faɗa wa ɗalibi haka ba. Ta sauke fiffike.

"Na saya. Gobe ka dawo mini da yarana."

Darasin wannan labari shi ne, yara, mai koyar da rubutu ba ya girma sai ya ɗanɗana yadda hannun ɗan koyo yake rawa. Zabuwa ta taya da gara, ta taya da inuwa, duk aka ce albarka. Farashin da ta biya a ƙarshe shi ne ta naɗe fiffikenta, ta karanta tukuna.