Ƙugiyar da Ta Faɗi

A'a Damaris, ba cewa na yi ki bar komai ba. Rage kaya daban, zubar da kaya daban. Ku matso yara, ku ji.

Akwai wani mutum mai haɗa manhajar waya, irin wadda ake dannawa a karanta darasi. Ya haɗa wa zumuntar matan cocin ƙauyensu guda ɗaya, amma ta yi nauyi. Wayoyin matan nan duk tsofaffi ne. Mace za ta danna, ta je ta ɗora tukunya, ta dawo, abin bai buɗe ba. Har suka fara cewa a goge ta kawai kowa ya huta.

Abin ya dami mutumin nan, don ya san in aka goge, yawancinsu ba su da wani wurin karatu. Sai ya zauna ya buɗe cikinta kamar mai kwance ƙunshi. Wannan ba a amfani da shi, ya cire. Wancan ya zo sau biyu, ya cire ɗaya. Da ya gama ya danna, yana ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku, ta buɗe. Daɗi ya kama shi.

Matarsa ta ce ya tura musu yau yau. Ya ce tukuna, saurin buɗewa kaɗai ya gani, bai ga ko abin da ke aiki jiya yana aiki yau ba. Ya ɗauki waya ya tafi gidan goggonsa, tsohuwa ce mai karatu da yatsa, harafi harafi. Waƙoƙi sun fito, addu'a ta fito. Da ta zo kan darasi sai ta tsaya, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

Ta ce, “Kai ɗan nan, wa kuke roƙo? An rubuta, dan Allah ya zo duniya. Ai ya riga ya zo.”

Ya karɓa ya duba. Ashe cikin abin da ya cire har da ɗan guntun da ke sa wa haruffa ƙugiya. Ɗan Allah ya koma dan Allah, albishir ya koma roƙo. Goggo ta yi ta dariya har tana share ido, shi kuwa yana godiya a ransa da bai tura ba. Ya mayar da guntun, ya sake ƙirgawa. Yanzu sai ta kai huɗu kafin ta buɗe. Ya ce huɗun ya ishe shi. Matan suka karɓa, ba wadda ta sake maganar gogewa.

Ma'anar wannan misali ita ce, zuciyarmu ma tana yin nauyi, da gaba, da gulma, da yawan hidima, har a kira mu ga alheri mu kasa tashi da wuri. Ragewa abu ne mai kyau. Amma in kin rage, ki duba abin da ya fita. Wani garin rage surutu sai ya daina gaida maƙwabci. Wata garin rage hidima sai addu'ar safe ta bi. Kuma ba ke kaɗai za ki duba ba, ki nemi babba mai gaya miki gaskiya, don idon da ya cire ba ya saurin ganin giɓi.

To, ku ɗan yi mini haƙuri. Ga ajin ƙananan yara can an bar su ba kowa, na ji wani ya fara kuka.