Luguden da Ke Cikin Kan Nomau Wanzami

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda ba za ku tashi bakinku ɗaya a kanta ba.

A wani gari an yi wani wanzami, Nomau sunansa. Kusan duk mai tafiya da ƙafarsa a garin, shi ya yi masa askin suna. In ya ɗora aska, ko kasuwa za ta kama da wuta, shi da kan da ke gabansa kawai ya sani. Abin da ke ci masa rai ɗaya ne: cikin 'ya'yansa uku babu wanda ya ɗauki zabira. Saude tana aikin asibiti a birni. Cindo ya bi kiɗan kalangu, abin da uban ke kira zaman banza mai ƙara. Ilu kuwa noma ya sa a gaba.

Wata rana Nomau ya faɗo daga babur, kansa ya bugu. Ya yi jinya ya miƙe, ido na gani, kunne na ji, hannu ba ya rawa. Amma da ya koma rumfa sai ya tarar da abin mamaki. Ya ɗora aska, akuya ta yi kuka, hankalinsa ya bi akuya. Mai goro ya gifta, ya bi mai goro. Ranar da ya yanki wani dattijo a bayan kunne, da kansa ya rataye zabirarsa. Ga kuma matar Ilu da ciki, jikansa na fari, har ya ji ana raɗe-raɗin za a ɗauko wanzamin wani ƙauye ranar suna. Wannan ta fi faɗuwar yi masa ciwo. Sai ya tara 'ya'yansa ya ce duk wanda ya maido masa da hannunsa kafin haihuwar nan, shi zai ba askar da ya gada wurin kakansa.

Saude ce ta fara. Lokacin Nomau ya gama yanke wa kansa hukunci cewa jifansa aka yi, har ya fara kallon abokan sana'a a karkace. Ta lallaɓa shi zuwa birni, aka sa masa hula mai wayoyi, ya ga wasu layuka suna hawa suna sauka a fuskar na'ura. Ta ce, "Baba, ka san lugude ai. Mata biyu a turmi ɗaya, in taɓaryar wannan ta tashi, ta waccan ta sauka. To haka ƙwaƙwalwa take. Wajen goshi ke cewa ga abin da za a duba, wajen ƙeya ke karɓar abin da ido ya gani. Kowanne da bugunsa. In mutum ya mai da hankali sai bugun ya daidaita, saƙon wannan ya iso daidai lokacin da wancan ya shirya karɓa. Naka duka suna bugawa, amma karo suke yi."

Nomau ya shafa ƙeyarsa, ya ce, "Ikon Allah! Na aske ƙeya ta fi a ƙirga, ban san a nan ake gani ba. Wato masu dakan suna nan, jerawar ce ta ɓace?" Ta ce haka ne, kuma ba ta da ƙwayar da za ta ba shi, sai dai a yi ta gwadawa, ba tare da alkawari ba. Ya dawo gida ya daina zargin kowa, don yanzu ya san abin da yake nema.

Zancen lugude ya kai kunnen Cindo. Ya tuna tun yana ƙarami, kafin uban ya taɓa kan kowa sai ya wasa aska a jikin fata, kuma wasawar tana da takunta, kullum iri ɗaya. Ya ɗauko kalangu ya buga takun nan can ƙasa-ƙasa. Nomau ya ɗago kai ya ce, "Kai, ina ka samo wannan?" Ya ce, "A rumfarka, Baba. Shi ne kiɗan da na fara koya." Daga nan Cindo ya bar zuwa bukukuwa, kullum da safe yana kiɗa, uban yana jan aska a jikin duma. Sannu a hankali akuya ta yi ta kukanta ita kaɗai.

Sai dai duma ba ya motsi, ba ya jini, kuma a garin babu mai yarda ya miƙa kansa. Nan Ilu ya cire hula ya durƙusa. Uban ya ce a'a. Ya ce, "Baba, kan naka ne, aske abinka." An yanke shi, ba sau ɗaya ba. Gashi na tsirowa yana dawowa, kullum yana rufe yankan da hula, har abokansa suka riƙa tsokanarsa cewa ko barci da hula yake yi. Bai taɓa cewa wash a gaban uban ba.

Aka haihu, namiji. Ranar suna dangin mai jego suka ce sam ba su yarda Nomau ya taɓa kan jaririn ba. Ilu bai yi gardama ba, ya cire hula ya nuna musu sabon aski babu ko ƙwarzane, sannan ya ɗauki jaririn ya ɗora a cinyar ubansa. Cindo ya ɗaga makaɗi, Nomau ya ce, "Bari, kiɗan yana cikin kaina." Rago na kuka, mata na guɗa, tsoho bai ji ko ɗaya ba sai da ya share gashin ƙarshe, sannan hawaye suka zubo masa.

Da aka watse ya fito da askar kakansa, ya dubi 'ya'yansa, hannunsa ya tsaya. Ba don Saude ba, da har yau yana neman wanda ya jefe shi. Ba don Cindo ba, da ya san ciwon amma babu abin da zai kama. Ba don Ilu ba, da ya ƙare yana askin duma. Aska kuwa ɗaya ce, ba ta rabuwa.

To jama'a, da ku ne Nomau, a hannun wa za ku sa ta?