Malam Barnaba da Tsohuwar Kwamfutarsa

Akwai wani mutum a wani gari na gindin dutse, ana ce da shi Malam Barnaba. Ya yi aikin koyarwa har ya yi ritaya, daga nan ikkilisiya ta danƙa masa shirya waƙoƙin sujada. Matarsa Keziya ta riga shi barin duniya. A zamaninta ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata, kuma duk waƙar da ta tsara takan zauna gaban 'yar kwamfutarsu ta hannu ta rera, na'urar ta ɗauki muryarta. Da ta rasu, kwamfutar nan ce ta zame masa abokiyar hira. In ya dawo ya tarar da gidan shiru, sai ya buɗe ta ya ji matarsa tana waƙa, wani wurin har da dariyarta in ta yi kuskuren baiti.

Ana nan sai kwamfutar ta soma nuna masa saƙo cewa babbar manhajar da take aiki da ita ta tsufa, lokaci ya yi da za a sa sabuwa. Bai kula ba, har ranar da ikkilisiya ta sayi majigi mai haska waƙa a bango, tsarin majigin kuwa ya ƙi buɗewa a kan kwamfutarsa. Ran Lahadi jama'a suka miƙe tsaye suna jiran waƙa, bango fari fat, shi kuwa yana ta danne-danne, gumi yana keto masa. Kunya ta kama shi ƙwarai.

Da ya koma gida ya nemi sa sabuwar manhajar da kansa. Ita kuwa kafin ta shiga sai ta bincika na'urar, ta ƙi. Ya sake gwadawa, ta sake ƙi. Sai ya ɗauki kwamfutar ya kai wa Damaris, wata mai shagon gyara wadda ya taɓa koya wa karatu tana ƙarama. Ta duba a natse, sa'an nan ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ke cikinta da muke kira furosesa, wato zuciyarta, na tsohon yayi ne. Sabuwar manhajar ba ta karɓarsa, kuma a manne yake, ba ya ciruwa."

Ta ba shi shawara ya nemi wata kwamfutar, ita za ta kwashe masa duk abin da ke cikin tsohuwar ta zuba a can. In ma bai shirya ba tukuna, ya bari ta kwafe waƙoƙin ta ajiye masa a wani wuri. Amma Malam Barnaba kalma ɗaya kawai ya ji, a nemi wata. Ya dubi haruffan da yatsun Keziya suka goge, ya ji kamar an ce ya sake binne ta. Ya rufe kwamfutarsa, ya yi godiya a daƙile, ya fita.

A bakin tasha akwai wani mai gyaran kuma, mutum mai fara'a da daɗin baki. Da ya ji damuwarsa ya yi murmushi, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Manhajar tana da mai gadi a bakin ƙofa wanda yake duba zuciyar na'ura, su kuwa sun san yadda ake rufe wa mai gadin ido.

"Ba sai an canja komai a ciki ba, Malam," in ji shi. "Hana ta dubawa kawai za mu yi."

Haka kuwa aka yi. Kwamfutar ta tashi da sabuwar fuska mai sheƙi, majigi ya haska waƙa a bango, waƙoƙin Keziya kuma suna nan inda suke. Malam Barnaba ya yi murna, har yakan kauce wa hanyar shagon Damaris don kada ta tambaye shi.

Kafin damina ta wuce, kwamfutar ta fara zafi kamar dutsen guga. Fankarta tana kuka, in ya danna abu sai ta yi jim kafin ta amsa. Ya ga duk wannan, amma ya ce wa ransa tsufa ne, kowa ma yana da nasa. Wata safiya saƙon gyaran manhaja ya shigo, ta karɓa, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa, daga nan ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ya garzaya tasha. Mutumin ya ce ya bar ta ya dawo gobe. Malam Barnaba bai ambaci waƙoƙin ba, tun da wancan karon ba abin da ya taɓa su.

Washegari mai gyaran ya tarye shi da fara'arsa ta kullum, ya ce abin ya cuɗe ne, shi ya sa ya wanke ta tas ya sake zuba manhajar. Malam Barnaba ya buɗe inda waƙoƙin suke zama, ya tarar wayam. Ya tsaya a wurin, motoci suna wucewa, bai san lokacin da ya zauna a kan benci ba. Daga baya ya haɗiye kunya ya koma wa Damaris. Ba ta yi masa gori ba. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma abin da ta iya tsamowa guntaye ne masu ƙara, ba murya a ciki.

Ba a daɗe ba 'yarsa Kauna, wadda take aure a wani gari mai nisa, ta haifi 'ya mace aka sa mata suna Keziya. Ta kira shi a waya ta ce, "Baba, ka turo mini waƙar Mama ta godiya, ina so jaririyar nan ta ji muryar kakarta." Sai ya ce bari ya rera mata da kansa. Ya ɗauki baiti na fari, da ya zo na biyu ya neme shi ya rasa.

Ya ku ƙaunatattu, ma'anar wannan misali ita ce, kwamfutar nan mu ne. Sabuwar manhaja ita ce sabon rai da Ubangiji yake kiranmu gare shi. Mai gadin ƙofa kuwa Maganar Allah ce, wadda take duba zuciya ta faɗi gaskiya ko da ba ma so. Da yawa cikinmu muna marmarin sabon rai, amma muna ƙaunar tsohuwar zuciyarmu, da ƙiyayyarta da girman kanta da abubuwan da muka saba da su. In wani ya faɗa mana gaskiya, sai mu canja hanya. Mukan nemi wanda zai ce mana ba sai mun tuba ba, mu dai shiga ƙungiyar mawaƙa, mu sa anko, mu iya addu'a a gaban mutane. Abin yakan yi kyau na ɗan lokaci. Amma tsohuwar zuciya ba ta iya ɗaukar wannan nauyi, kuma ranar da ta faɗi, ba ita kaɗai take tafiya ba. Takan tafi da aure, da amincin 'ya'ya, da shaidar da aka daɗe ana ginawa, abubuwan da hawaye ba ya dawo da su.

A wuri ɗaya ne muka bambanta da na'urar. Tata zuciyar ba ta ciruwa, tamu kuwa Wanda ya yi ta yana iya cire ta ya ba mu sabuwa. In Maganarsa ta duba ka yau ta ce akwai gyara, kada ka nemi mai rufe mata ido. Ka tsaya a duba ka tun abin da aka ba ka amana yana hannunka.