Injiniyan da Ya Ari Sunan Surukinsa

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, injiniya a ma'aikatar ruwa. Shekara talatin da biyar yana aiki, babu bututun da ke ƙarƙashin garin da bai san inda ya bi ba. Da lokaci ya yi ya ajiye aiki, aka fara biyansa fansho.

Kuma ya ji daɗin hutunsa. Gida nasa ne, 'ya'ya duk sun kama gabansu. Da safe ya ba shukokinsa ruwa, ya zauna a baranda da rediyo, matarsa ta kawo shayi su sha tare. Ranar hutu jikoki su cika gidan, su hau masa wuya, yana dariya yana cewa sun fi shugaban ma'aikata iya ba da aiki. Fanshon ba shi da yawa, amma bai taɓa roƙon kowa ba. Me bawa zai nema bayan wannan?

Bayan shekara biyu wani babban bututu ya fashe. Sababbin ma'aikata suka yi kwana uku suna haƙa, ba su gano shi ba. Aka aika masa. Ya zo ya dubi ƙasa, ya nuna da sanda, ya ce, "Ku haƙa nan." Suka haƙa, sai ga shi. Aka roƙe shi ya dawo aiki na ɗan lokaci, ya amsa da murna, don yana son aikinsa.

Sai dai akwai doka. Mai karɓar fansho in ya koma aikin gwamnati, akwai iyakar abin da zai samu a shekara. In ya wuce ta, a dakatar da fanshon har shekara ta ƙare. An karanta masa, ya sa hannu.

A wata na takwas ya kai iyakar. Matarsa ta ce, "Malam, to ka huta mana sai baɗi. Da can me muka rasa?" Ya ce gaskiya ne.

Amma akawun ofis ya ja shi gefe. "Ranka ya daɗe, ai da sauƙi. Kawo sunan wani naka mu riƙa biya ta can, ni zan kawo maka a hannu. Kai kake aikin, guminka ne."

Wannan "guminka ne" ita ta zauna masa a zuciya. Ya je wurin mijin 'yarsa, wanda ya gama karatu yana neman aiki, ya ce, "Ba ni takardunka, zan yi maka magana a ofis." Surukin ya miƙa da hannu biyu, har da godiya. Injiniyan ya kai wa akawun, aka sa sunan surukin a jerin masu albashi.

Wata goma sha huɗu abin yana tafiya lafiya. Sannan Allah ya ba surukin aikin koyarwa a makarantar gwamnati. Ranar tantancewa aka buga sunansa, sai ga shi ya fito a jerin masu albashi na ma'aikatar ruwa. Aka janye aikin, aka tsare shi don bincike.

'Yar ta shigo gidan ubanta ko sallama babu. Ta ce, "Baba, kai kaɗai ya taɓa ba takardunsa."

 Washegari uban ya je wurin masu binciken da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. Aka saki surukin, amma an riga an ba wani gurbinsa. Aka kori akawun. Injiniyan kuwa aka tsayar da fanshonsa, aka ce ya mayar da duk abin da ya karɓa. Sai da ya sayar da gidan, shi da matarsa suka koma haya ɗaki biyu. 

Ya 'yan uwa, wannan mutum yunwa ce ta sa shi? A'a. Allah ya riga ya wadata shi, shi ne bai ga wadatar ba. Aikin halal ne, amma ya sa hannu a kan sharaɗi ya karya, ya ci amanar wanda ya yarda da shi. Wanda aka ce masa ga iyakarka, ya tsaya nan ya gode wa Allah, shi ne mai arziki.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya kiyaye mu da cin amana, mu da zuriyarmu baki ɗaya. Amin.