Masu Riƙon Ƙafa a Ƙarƙashin Ɓawo

Yaya Tanimu, tun ranar da taron kasuwa ya rufe ka da duka har ka cika ban iya hira da kowa ba, to bari in yi da kai.

An yi wani sarki a can da, aka kawo masa labarin an tsinci gawar Tunau, wani ƙaton falke mai fataucin jan gishiri, a bakin wani ƙauye, kayansa kuwa ko ƙwaya ba a gani ba. Mutanen ƙauyen suka taso ƙeyar wani siririn majemi mai suna Arzika, baki ɗaya suka ce shi ne. Sarki ya sa a kira hauni, amma ransa bai kwanta ba. Ya ce wa Waziri Jatau, "Wannan da iska ke kaɗawa, yaya aka yi ya kayar da Tunau? In ba ka warware mini kafin azahar ba, hukunci ya tabbata."

Waziri ya dubi Arzika, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, akwai shaidu a bayan fada, sai dai su zuwa wurinsu ake yi."

Ya kai sarki gindin wata tsohuwar tsamiya, ya nuna masa tsagar ɓawonta. Ga 'yan hannuwa jere a bakin tsagar, na wasu halittu masu siffar kunama amma babu wutsiya, kowace ba ta wuce ƙwayar dawa ba. Ba motsi. Can sai wani babban gwano ya zo wucewa. Ɗaya ta cafke ƙafarsa, ya fizga har ya kusa tafiya da ita, sai wata ta kama, wata ma ta kama, suka ja shi cikin duhu sannu a hankali. Da Waziri ya ɗaga ɓawon, ga su kewaye da shi, manya da 'ya'ya, kowace ta kafa baki.

Sarki ya juyo ga Waziri. Ya ce, "Wace ce ta kashe shi?"

"Ranka ya daɗe, da za a tambaye su, kowace cewa za ta yi ƙafa kawai ta riƙe. Amma duba, duk wadda ta riƙe sai ta ci. A leƙa tukwanen ƙauyen nan."

Dogarai suka je, suka tarar da jan gishirin Tunau a kowane gida, ban da gidan Arzika. Shi miyarsa lami ce, don ya ƙi karɓar rabo, shi ya sa suka zaɓe shi. Sarki ya sake shi, ya ɗora jinin a wuyan ƙauyen duka, ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya ce, "Mai mulkin da ke neman adalci kada ya tsaya ga hannun da aka miƙo masa, ya bincika har bakunan da suka ci."

Yaya, wanda ya riƙe ƙafarka ta hagu ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarmarmu, ya ci tuwon sadakarka. Ina kasuwar a ranar, na gane hannunsa. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.